Wasan Girkawa Da Tukwanen Ushafa

Ran 5 ga watan Oktoba na shekarar 2018 wani kamfanin ƙasar Faransa mai suna Ubisoft ya fitar da wani wasan kwamfuta da ya sa wa suna Assassin's Creed Odyssey. Reshen kamfanin da ke birnin Kebek ta ƙasar Kanada shi ne ya ja ragamar aikin, kuma kafin a cika shekara biyu kamfanin ya ba da sanarwa cewa an sayar da fiye da kwafi miliyan 10. Abin da ke cikin wasan kuwa shi ne ƙasar Girka ta zamanin da, da biranenta da tsibiranta da kasuwanninta, an sake gina su sarai a cikin na'ura, yadda yaro zai zauna cikin ɗaki a Kubwa ko Dutsen Alhaji ya yi ta yawo a lungunan birnin Atina sai ka ce a can aka yanke masa cibiya.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan biri da gada? Me ya gama wannan wasa na Turawa da Ushafa, garin Gbagyi da ke gindin duwatsu a yankin Bwari na Babban Birnin Tarayya? Abin da ya gama su shi ne yumɓu. Da yawa daga cikin abubuwan da masu wasan suka sani game da suturar Girkawa da makamansu da bukukuwansu, a jikin tukwane aka gan su. Ushafa kuwa da tukwane aka san ta. Bambancin da ke tsakani shi ne, tukwanen Girka sun sami masu tattara su da rubuta labarinsu shekara da shekaru, na Ushafa kuwa galibi sai a saya a kai gida, in sun fashe a share tsingaron a zubar a juji, labarin wadda ta gina su ya bi su.

YADDA WASAN YAKE

Labarin wasan ya soma ne a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, watau shekarar da yaƙi ya ɓarke tsakanin manyan biranen Girka biyu, Atina da Sparta. Yaƙin nan gaskiya ne, ya kuma ɗauki shekara 27, bai ƙare ba sai a 404 kafin Miladiyya, sa'ad da Atina ta miƙa wuya. Mai wasa yakan zaɓi ɗaya daga cikin mutum biyu, ko mace mai suna Kassandra ko namiji mai suna Alexios. Dukansu ƙagaggu ne, amma an jingina su ga mutumin gaske, aka ce jikokin Leonidas ne, Sarkin Sparta da ya mutu a mashigin Termofile a 480 kafin Miladiyya yana tare rundunar Farisa. Wanda aka zaɓa yakan tashi a tsibirin Kefaloniya a matsayin sojan haya, da guntun mashin kakansa a hannu da gaggafa tana shawagi bisa kansa, har ya sami jirgin ruwa ya shiga duniya neman danginsa.

Irin wannan wasa shi ake kira mai buɗaɗɗiyar duniya, domin ba a ɗaure mai wasa ga bin hanya guda. In ya ga dama ya bi labarin, in ya ga dama ya bar shi ya hau doki ya nufi wani gari, ko ya hau dutse, ko ya nutsa cikin teku neman dukiyar jirgin da ya nutse. Haka nan kuma idan ana zance da shi akan ba shi zaɓin amsar da zai mayar, abin da ya zaɓa kuwa yakan biyo shi daga baya, har ya sauya yadda labarin zai ƙare. A cikin tafiyar yana gamuwa da mutanen da tarihi ya sani: Perikles shugaban Atina, da Herodotus marubucin tarihi, da Sukrat mai falsafa, da Bukrat likita. Waɗannan biyu na ƙarshe ba baƙi ba ne ga malaman zaure da suka yi nisa a karatu, gama sunayensu sun shigo ƙasar Hausa tun da daɗewa ta cikin littattafan Larabci, inda ake kiran Girkawa da sunan Yunanawa.

A watan Satumba na 2019 kamfanin ya ƙara fitar da wani sashe da ya kira Discovery Tour, wanda aka cire masa faɗa da kisa baki ɗaya. A cikinsa mutum yana zagaya garuruwan ne kawai ana yi masa bayanin falsafa da yaƙe-yaƙe da tatsuniyoyi da zaman yau da kullum na mutanen, ana kuma nuna masa hotunan ainihin kayayyakin da ke ajiye a gidajen tarihi. A nan ne mai lura zai ga asirin abin, domin hoton tukunya ba ya ƙarewa a cikin bayanan.

ABIN DA TUKUNYA TA AJIYE

A arewa maso yammacin tsohon birnin Atina akwai wata unguwa da ake kira Kerameikos, watau unguwar magina tukwane. A nan ake gina tuluna na man zaitun da na ruwa, da manyan kwanonin gauraya abin sha, da kofuna. Da fari sukan zana mutane da baƙi a kan jan yumɓu. Wajen shekara ta 530 kafin Miladiyya sai suka juya abin, suka riƙa baƙanta jikin tukunyar su bar siffar mutanen da ja, don su sami damar fitar da ƙananan abubuwa kamar ninkin tufa da jijiyar hannu. Baƙin nan kuwa ruwan yumɓu ne mai laushi ƙwarai ake shafawa, ba fenti ba. Wajen gashi sai a bar iska ta shiga matoya, sa'an nan a toshe kafar a zuba ɗanyen itace hayaƙi ya turnuƙe, kome ya yi baƙi, daga bisani a sake buɗewa. Inda ba a shafa ba sai ya koma ja, inda aka shafa ya zauna baƙi ƙirin yana ƙyalli. Shi ya sa zanen bai goge ba bayan shekara 2,500.

Babu abin da ba su zana ba. Akwai mata a bakin rijiya, da yara gaban malami, da maƙera a maƙera, da masu dukan itacen zaitun don 'ya'yan su zubo, da 'yan kokawa, da amarya ana kai ta ɗakin miji, da gawa ana yi mata makoki. Wani magini mai suna Exekias ya zana jarumai biyu na tatsuniyarsu sun sunkuya da masu a hannu suna buga wani wasa mai kama da dara, tulun kuwa yana nan a gidan tarihi na Batikan. Abin lura a nan shi ne, Exekias ya rubuta sunansa a jikin tulun, cewa shi ya yi shi. Haka ma Euphronios da waɗansu da dama. Saboda wannan 'yar ɗabi'a, yau ana kiran sunan maginin tukwane da ya mutu tun kafin a kafa daular Rum, alhali kuwa an manta da attajiran da suka sayi kayansa.

To, amma fa tukunya ba ta magana da kanta, sai an sami mai yi mata tafinta. Tun cikin shekarun 1920 masana na ƙasashe daban-daban suka haɗa kai suna buga wani babban kundi mai suna Corpus Vasorum Antiquorum, inda akan ɗauki hoton kowace tukunya, a auna ta, a rubuta inda aka samo ta da inda take. Tukwanen da ke cikin kundin sun haura 100,000. Wani malamin Jami'ar Oxford ta Ingila, John Beazley, wanda ya rasu a 1970, ya ƙarar da rayuwarsa yana duban yadda kowane mai zane yake fitar da kunne da idon sawu da yatsa, har ya iya rarrabe hannun ɗaruruwan masu zane waɗanda ba su ma sa suna ba. Saboda haka sa'ad da ma'aikatan Ubisoft suka tashi gina Atina a cikin na'ura, sun tarar an riga an share musu fage. 

Darajar da wannan aiki ya jawo wa tukwanen ba kaɗan ba ce. A 1972 wani gidan tarihi na birnin New York ya sayi kwano guda na Euphronios a kan dala miliyan 1. Da ta bayyana cewa tone shi aka yi daga wani tsohon kabari a Italiya ba bisa ƙa'ida ba, gwamnatin ƙasar ta dage sai da aka mayar mata da shi a 2008.

ƘURI'A DA TSINGARO

Ko fasasshiyar tukunya ba ta zama banza ba a Atina. Suna da wata al'ada ta siyasa wadda sau ɗaya a shekara akan tambayi taron 'yan gari ko akwai wanda suke tsoron ƙarfinsa ya yi yawa. In sun amince, sai a sa rana, kowa ya zo da tsingaro ya karce sunan mutumin da yake so a kora. Idan adadin ya cika 6,000 kamar yadda doka ta shimfiɗa, wanda sunansa ya fi yawa tilas ya bar gari har shekara 10, amma ba a taɓa dukiyarsa. Haka aka yi wa Temistokles, mutumin da ya jagoranci nasarar Girkawa a kan jiragen Farisa.

Masu tone-tonen tarihi sun tsinci irin wannan tsingaro fiye da 10,000 a Atina. A wata rijiya da ke gefen dutsen Akropolis an sami guda 190 duk da sunan Temistokles, da aka duba rubutun kuwa sai aka ga hannun mutum 14 ne kacal ya rubuta su. Watau dai akwai waɗanda suka zauna suka shirya ƙuri'u tun kafin ranar, don a raba wa jama'a. Ɗan Nijeriya ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan. Masu wasan ma sun ɗauki abin, har akwai wurin da ake aiken mai wasa ya je ya musanya tsingaron ƙuri'a a ɓoye.

INDA AKA ƘARA GISHIRI

Kada fa a ɗauka duk abin da ke cikin wasan gaskiya ne. Kamfani ne ya yi shi don ya sayar, kuma mai talla ba ya rasa ƙarin gishiri. Tarihi ya nuna Perikles ya mutu ne a 429 kafin Miladiyya ta dalilin annobar da ta auka wa Atina, amma a wasan kashe shi aka yi. An sa Kassandra ta shiga gasar kokawa da dambe ta Olimfiya, alhali mata ba su shiga wannan fage a zamanin. An kawo dodannin tatsuniya, irin mai kan sa da mai gashin macizai, ana fafatawa da su kamar masu rai. Sa'an nan ƙawar birnin takan ɗauke hankalin mutum daga gaskiyar cewa mulkin jama'a na Atina na maza 'yan gari ne kaɗai, ban da mata, ban da baƙi, ban da dubban bayin da ke haƙar azurfa a ramukan Lauriyon.

Ya kamata kuma iyaye su sani cewa hukumomin tace wasanni na Turai sun sa wa wannan wasa alamar shekara 18. Akwai zubar da jini a ciki, da shan giya, da sha'anin maza da mata, da gumakan da Girkawa suke bauta wa. Uban da ya sayo wa ɗansa ɗan shekara goma na'ura bai duba abin da ke cikinta ba, kada ya zargi kowa. Sashen yawon nan da ba faɗa a cikinsa shi ya fi dacewa da ɗan makaranta, shi ma da babba a kusa.

Duk da haka, wanda ya tsaya ga tsine wa wasan kawai ya bar jaki yana dukan taiki. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi mutanen da suka shuɗe shekara 2,400 da suka wuce suke da tituna da fuskoki da sunaye a idon yaron Abuja, amma matar da ke gina randa a bayan garinsu ba ta da ko ɗaya?

USHAFA DA HANNUN MATANTA

Ginin tukwane tsohuwar sana'a ce ta matan Gbagyi, uwa tana koya wa 'ya. Ba su dogara da na'urar juyi ba. Mace takan kwaɓa yumɓu, ta kafa gindin tukunya, ta riƙa murza yumɓun kamar igiya tana ɗorawa tana shafewa, ita ce ke zagaya tukunyar da baya-baya har ta tashi daidai wa daida kamar an auna. Kafin ta bushe sai a yi mata ado da tsinke ko ɗan guntun igiya da ake mirginawa a jikinta. In ta bushe a jera a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa a cinna wuta. Waɗansu kuma tun da zafinta sukan yayyafa mata makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, don ta yi duhu ta ƙara ƙarfi. Daga nan ake samun randa mai sanyaya ruwa ba da lantarki ba, da tulu, da tukunyar miya, da kasko, da asusu.

A farkon shekarun 1990 aka kafa cibiyar ginin tukwane a Ushafa ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wanda ya soma a 1987. A cibiyar ana yin ginin gargajiya, ana kuma yin na zamani da na'urar juyi da matoya. Sunan garin ya zagaya duniya a watan Agusta na shekarar 2000, sa'ad da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi tare da 'yarsa Chelsea, aka sa masa babbar riga, aka naɗa shi Ɗan Masanin Ushafa. Har yau akwai masu kiran wurin ƙauyen Clinton. Sai dai baƙo raɓa ne. 'Yan jarida sun ɗauki hotuna sun watse, aka bar matan da yumɓunsu, ga kuma roba da tukunyar dalma sun cika kasuwa sun karya farashin randa. Birni ma yana ta matsowa, gidaje suna cin filayen da a da ake noma da ɗibar itace. Yarinyar da ta ga uwarta ta yini a sunkuye don kuɗin da bai taka kara ya karya ba, da wuya ta ce ita ma sana'ar da za ta gada ke nan.

Akwai mace guda ta wannan yanki da ta tsira daga mantuwa, labarinta kuwa ya isa darasi. Ladi Kwali an haife ta ne wajen 1925 a garin Kwali, ta koyi gini a hannun gwaggonta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa sayen tukwanenta yana ajiyewa, a gidansa ne kuma wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Cardew ya buɗe makarantar koyon tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950, Ladi kuwa ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta ci gaba da zana ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi a jikin tuluna kamar yadda ta gada, aka kai aikinta London aka nuna, ta je Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20.

Ladi gwana ce, ba mai musu. Amma ba ita kaɗai ce gwana a ƙasar Gbagyi ba. Abin da ta samu wanda sauran ba su samu ba shi ne sarki mai ajiya, da masu ɗaukar hoto da rubutu, da ɗan hatimi mai haruffa biyu, LK, da ake dannawa a gindin kayanta. Da wannan hatimi ne masu gwanjo a Ingila suke gane aikinta yau. Abin da Exekias ya yi a Atina shi aka yi mata a Suleja.

ZAMANI ƊAYA DA SPARTA

Wani yana iya cewa ai Girkawa sun riga kowa, shi ya sa. Wannan magana ba ta tsaya ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka sami wani a yankin Jama'a, wanda har an kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin a kai shi ga wani jami'i Bature, Bernard Fagg, mutumin da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. A cikin shekarun 1960 Fagg ya yi tono a Taruga, kudu maso gabashin birnin Abuja na yanzu, ya sami matoyan narka tama tare da irin waɗannan gumaka na yumɓu. Awon da aka yi wa gawayin wurin ya nuna wajen shekara 500 zuwa 300 kafin Miladiyya.

A duba wannan lissafi da kyau. A daidai zamanin da Atina da Sparta suke gwabzawa, a zamanin da wasan nan ya ɗauko, akwai mutane a wannan yanki da Abuja take suna narka ƙarfe, suna gina siffofin mutane da kitso iri-iri da duwatsun wuya da mundaye. Ba su bar rubutu ba, har sunan da suke kiran kansu ma ya ɓace, sunan ƙauyen da aka fara tsintar kayansu aka laƙaba musu. Abin da suka bari yumɓu ne, shi ma ɓarayin kayan tarihi sun yi masa wawaso, musamman cikin shekarun 1990, suna tonewa suna sayar wa dillalan Turai. Gunkin da aka fizge daga ƙasa ba tare da an rubuta inda yake kwance da abin da ke kusa da shi ba, ya zama abin ado kurum, rabin labarinsa ya tafi. Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus suka yi shekaru suna bincike a yankin tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka gano cewa tushen al'adar ya kai wajen 1500 kafin Miladiyya. Aiki ne mai kyau, sai dai abin kunya ne a ce yawancin ɗaliban sakandare na Bwari ba su taɓa jin sunan Taruga ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba wanda zai ce Nijeriya ta tashi gobe ta yi wasa irin na Ubisoft, gama aiki ne na ɗaruruwan ma'aikata da shekaru da kuɗi masu ɗimbin yawa. Amma ƙaramin kamfani ma yana iya taɓukawa. A 2016 waɗansu samari na ƙasar Kamaru, ƙarƙashin kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde, sun fitar da wasa mai suna Aurion wanda suka gina a kan tatsuniyoyi da suturar Afirka, duk da matsalar wutar lantarki da ƙarancin jari. Shi kansa Ubisoft, bayan Masar a 2017 da Girka a 2018, ya kai jerin wasannin nasa Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa a 2023. Kano ta zamanin Muhammadu Rumfa, da ganuwarta da kasuwar Kurmi da ayarin fatake, ba ta gaza waɗannan ba wajen labari. Ranar da wani zai tashi yin wannan aiki, ɗan gida ne ko baƙo, abin da ya tarar a rubuce shi zai ɗauka, abin da bai tarar ba ya ƙaga. In baƙo ne ya ƙaga, haka 'ya'yan ƙasar nan za su haddace shi.

Saboda haka aikin da ke gaba ƙarami ne, bai fi ƙarfin kowa ba. Na farko, kowace mai gini a Ushafa ta sami hatiminta, ko alama ce ko harafi, ta riƙa dannawa a gindin kayanta tare da shekara. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma yana ƙara wa kaya daraja a idon mai saye. Na biyu, hukumar yankin Bwari da Hukumar Gidajen Tarihi su buɗe kundi a cibiyar, a rubuta sunan kowace gwana da wadda ta koya mata, da sunan kowane irin tukunya da harshen Gbagyi da na Hausa, da amfaninsa, da ma'anar adon da ke jikinsa. Na uku, ɗaliban Jami'ar Abuja da na sashen binciken kayan tarihi na Zariya su riƙa zuwa da wayoyinsu suna ɗaukar tsofaffin mata suna aiki tun daga ramin yumɓu har zuwa wuta, a ajiye a inda kowa zai samu. Na huɗu, a ware ɗaki guda a ajiye mafi kyawun abin da aka gina kowace shekara, kada a sayar ko nawa aka taya. Na biyar, makarantun Abuja su sa ziyarar Ushafa cikin tsarin karatunsu, yaro ya taɓa yumɓu da hannunsa ya ji nauyinsa.

Samarin da suka ƙware wajen sarrafa kwamfuta su ma suna da rabo a ciki. Wanda ya iya yini yana hawan ganuwar Atina a cikin na'ura, ya iya koyon yadda ake ɗaukar hoton randa ta kowane gefe a mayar da ita siffar da za a juya a allo. Yau ko da wayar hannu ana yin wannan. Daga randa guda ake somawa, a kai ga rumfa, a kai ga kasuwa, a kai ga gari.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsofaffin da suka san sunan kowane zane da dalilinsa suna ta raguwa, kuma duk wadda ta kwanta dama ba a tambaye ta ba, ta tafi da abin da ba wata jami'a da za ta iya mayarwa. Ruwan da birnin Abuja yake sha daga madatsar Usuma yake fitowa, a gefen Ushafa. Bai kamata birnin da ke shan ruwan gari ya kasa aika mutum guda da alƙalami da takarda ya rubuta sunayen matan da ke gina masa randa ba. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma aikata tun da sauran lokaci.